Murjani da Wuta-wuta: Yadda Ƙaramar Halitta Take Gane Wurin Zama

Duk wanda ya ratsa gonakin Gozaki da sauran ƙauyukan Kafur a ƙarshen damina, zai ga wata ciyawa mai fure ruwan hoda a gindin dawa da masara. Baƙo zai ce ado ne, amma manomi ya san asara ce, gama inda wannan ciyawa ta yi yawa sai kara ya tsumbure, ganye ya ƙone, zangarniya ta ƙi fita. Ita ce wuta-wuta, waɗansu kuma suna ce da ita ƙuduji. Masana kimiyya suna kiranta Striga hermonthica. Yawancinmu ’ya’yan manoma ne, kuma daga rumbun iyayenmu kuɗin makaranta yake fitowa, saboda haka ya kamata mu fahimci wannan abokiyar gaba. Tambayarmu ita ce: ta yaya ƙwayar da take kwance cikin ƙasa, ba ido ba kunne, take sanin cewa an shuka dawa a kusa da ita? Domin mu sami amsa, bari mu fara leƙa ƙarƙashin teku.

Darasi daga teku

Mun san murjani a wuyan iyayenmu mata, amma da yawa ba su san cewa murjani na asali dabba ce take yin sa ba. Akwai irinsa da yawa. Waɗansu suna taruwa dubbai, kowace tana gina wa kanta ɗaki da farar ƙasa, har a hankali gine-ginen su zama tudun dutse a cikin ruwa. Akwai irin waɗannan tuddai a Bahar Maliya, amma mafi girma yana gaɓar Ostareliya, tsawonsa wajen kilomita 2,300.

Babbar dabbar murjani ba ta tashi daga inda take. ’Yarta ce take yawo, wata ’yar tsutsa wadda ba ta kai ƙwayar shinkafa ba. Tana iyo kwanaki tana neman mazauni, kuma sau ɗaya tak za ta zaɓa, gama da zarar ta manne ta soma gini, nan za ta zauna har mutuwa. Idan ta sauka a laka, ko inda ciyayin ruwa za su rufe ta, ta hallaka ke nan.

Masana sun gano cewa tsutsar ba da ka take sauka ba. Akwai wata irin gansakukar teku mai tauri, launin ruwan hoda, wadda take shafe duwatsu kamar fenti. Wannan gansakuka, tare da ƙananan ƙwayoyin halitta da suke zaune a jikinta, tana ɗauke da sinadarai waɗanda tsutsar take ɗanɗanawa. Da ta ji su, sai ta daina iyo, ta manne, ta sāke kama. Wani bincike da aka buga a shekarar 2004 daga Ostareliya ya nuna cewa tsutsotsin sukan fifita wani nau’in gansakukar a kan saura, kuma waɗanda suka sauka a kansa sun fi rayuwa.

Amma akwai gansakuka mai laushi da ganyaye, wadda take hana murjani zama. Mutanen Jamaika sun ga wannan da idonsu. An kama kifayen da suke cin gansakukar fiye da kima, sa’an nan a shekarun 1983 da 1984 annoba ta kashe bushiyar teku, wadda ita ma take kiwo a kanta. Gansakuka mai laushi ta mamaye duwatsu. Murjanin da ya rufe kimanin kashi 50 cikin 100 na tuddan a ƙarshen shekarun 1970, ya koma ƙasa da kashi 5 a farkon shekarun 1990.

Mu dawo gida

Ƙwayar wuta-wuta tana cikin irin halin da tsutsar murjani take ciki. Ƙanƙanuwa ce kamar ƙura, ba ta kai rabin milimita ba, kuma guzurin da take ɗauke da shi kaɗan ne. Idan ta tsiro ba ta sami saiwar da za ta kama cikin ’yan kwanaki ba, za ta mutu. Saboda haka takan yi haƙuri, tana iya kwanciya cikin ƙasa shekara goma ko fiye. Ko ruwa ya sauka ƙasa ta jiƙa, ba za ta tsiro ba sai ta ɗanɗani wani sinadari da saiwar dawa, masara ko gero take fitarwa. Da ta ji shi, sai ta fid da ɗan tsiro, ta huda saiwar, ta soma tsotsar ruwa da abinci. Makonni za ta yi tana wannan ɓarna a ɓoye kafin ta ɓullo sama. Shi ya sa kafin manomi ya ga furen, an riga an cuce shi. Tsiro ɗaya kuwa yana iya zubar da ƙwayoyi dubu hamsin ko fiye.

To, me ya sa dawa take kiran ɓarawonta da kanta? A shekarar 2005 masana a Japan suka gano dalili. Ashe ba wuta-wuta take kira ba. Tana kiran wani naman gwari ne mai amfani da yake cikin ƙasa, wanda yake taimaka wa saiwa ta sami abinci, musamman sinadarin fosfaras. Idan ƙasa ta gaji, sai shuka ta ƙara ƙarfin kiran, wuta-wuta kuwa ta ji ta tashi. Wannan ya tabbatar da abin da tsofaffinmu suka daɗe suna faɗa, cewa gonar da ta gaji ita wuta-wuta take ci. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga.

Auduga, tarkon wuta-wuta

Abin mamaki, a shekarar 1966 da masana a Amurka suka fara ware wannan sinadari, ba daga dawa suka samo shi ba, daga saiwar auduga ne. Auduga tana fitar da kiran, ƙwayar ta tsiro, amma ba ta iya rayuwa a jikin auduga, sai ta mutu da yunwa. Waken suya da gyaɗa ma suna yin irin wannan aiki.

Wannan ya shafe mu ƙwarai, gama ƙasar Funtua da Malumfashi ta yi suna wajen noman auduga tun zamanin kakanninmu. Lokacin da suke juya auduga da dawa a gona ɗaya, suna rage ƙwayar wuta-wuta ne ko da ba su san sunan sinadarin ba. Shirin bunƙasa aikin gona na Funtua, wanda aka fara a shekarar 1975 da taimakon Bankin Duniya, ya yaɗa noman masara da takin zamani, abinci kuma ya ƙaru. Amma gonar da ake maimaita mata hatsi kowace shekara, musamman idan taki ya yi tsada aka rage shi, gida ce ga wuta-wuta.

Abin da za mu iya yi

Na farko, a tuge wuta-wuta kafin ta yi ’ya’ya, a fitar da ita daga gona a ƙone. Idan aka yar a kunya bayan ta yi fure, ƙwayar tana iya nuna ta zube. Na biyu, a riƙa juya shuka: bana masara, baɗi waken suya, gyaɗa ko auduga. Na uku, a ciyar da ƙasa da takin gida da na zamani. Na huɗu, a nemi irin masara da dawa masu jure wa wuta-wuta, waɗanda Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, Zariya, da cibiyar IITA ta Ibadan suka fitar. Malamin gona zai faɗa mana wanda ya dace da ƙasarmu. Aikin ba na shekara ɗaya ba ne, gama ƙwayoyin da suka taru cikin ƙasa ba za su ƙare a damina ɗaya ba, kuma iska da ruwa da dabbobi suna kawo su daga gonar maƙwabci. Sai an haɗa kai.

Aikin hutu

Muna roƙon kowane ɗalibi, idan ya je gida hutun damina, ya zaɓi gonaki biyu, ɗaya wadda aka noma hatsi a cikinta bara, ɗaya kuma wadda aka noma waken suya ko auduga. Ya auna taki goma a kunya ɗaya a kowace gona, ya ƙidaya wuta-wutar da ya gani, ya rubuta. Ya kuma tambayi mai gonar irin takin da ya sa. Idan muka dawo makaranta za mu haɗa lissafin a aji, sa’an nan mu mayar wa iyayenmu da abin da muka gano kafin shuka ta gaba.