Rasit ɗin sakatariya ba izinin gini ba ne

Tun da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci kan 'yancin ƙananan hukumomi ranar 11 ga Yuli, 2024, wata magana ke yawo a majalisun Kaura Namoda, har ta kai Shinkafi da Zurmi, wai yanzu duk wanda ya biya kuɗi a sakatariya ya karɓi rasit ya gama da hukuma, sai ya kira magini. Maganar nan ba ta da tushe, kuma na gaji da jin ta a bakin mutanen da suka yi karatu. Hukuncin ya shafi kuɗin da ake rabawa daga asusun tarayya ne, da batun kantomomin riƙo. Bai taɓa izinin gini ba.

Tsara gari da amincewa da zanen gini hurumin jiha ne. Kotun Ƙolin da kanta ta tabbatar da haka a 2003, a ƙarar da Legas ta kai gwamnatin tarayya. A Zamfara, hukumar tsara birane ta jiha, wato ZUREPB, ita ke riƙe da wannan aiki. Ƙaramar hukuma tana da nata: tsarin mulkin 1999 ya ɗora mata tituna, magudanan ruwa, kasuwanni, tashoshin mota da sa wa gidaje lamba. Dokar filaye ta 1978 kuma ta ba ta damar bayar da shaidar mallaka ta gargajiya a wuraren da gwamna bai ayyana a matsayin birni ba. Ikon hana gini ko rushe shi kuwa, sai gwargwadon abin da dokar jiha ta miƙa mata.

To ko da takardar fili ta gaskiya ce a hannunka, mallaka kawai ta tabbatar. Sa hannun mai unguwa ko hakimi shaida ce cewa an yi ciniki. Babu ɗayansu da ya duba ko filin yana kan hanyar ruwa, ko harsashin zai ɗauki nauyi.

Nan ne hankalina ya fi tashi. Rashin tsaro ya koro jama'a daga ƙauyuka, haya ta yi tsada, kowa na son ƙara ɗakuna. Sai ka ga gidan da aka gina don ƙasa kaɗai, a kusa da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a Kaura, an ɗora masa bene saboda ɗalibai. Rodi siriri, bulon da za ka murƙushe gefensa da yatsa, an kuma cire katakon dakin kafin siminti ya kama. Kada ka ɗora bene a kan harsashin da injiniya bai tona ya gani ba. Ko magini ya rantse maka, kada ka yarda, domin ba shi zai kwana a ƙasan ba.

Su ma hukumomi da laifinsu. Idan sai mutum ya yi ta zarya zuwa Gusau neman izini a kan hanyar da kowa ke tsoro, yawanci zai haƙura ya yi gininsa. Ya kamata jiha ta ba sashen ayyuka na kowace ƙaramar hukuma iko a rubuce, da ma'aikatan da suka san aikin.

Kafin nan, je ka sashen filaye na ƙaramar hukumarku ka tambaya ko filinka na cikin yankin birni. In haka ne, kai zanenka ZUREPB, mai hatimin injiniyan da ke da rajista da hukumar kula da aikin injiniya ta ƙasa, wato COREN, kuma kada ka sauke yashi sai amincewa ta fito a rubuce.