Yadda A Ke Zaɓen Kayan Jan Tirela da Shirin Ɗauko Sabuwa

Tirelar da a ke nufi a wannan darasi ita ce ƙarama, mai ƙafa biyu ko huɗu, wadda a ke ɗaurawa a bayan a-kori-kura ko Landiroba. Wata a kan ɗora mata tankin ruwa, wata injin ba da wuta, wata buhunan hatsi. Akwai kuma mai ɗaki, mai gado da taga da wurin girki, irin wadda 'yan kwangilar hanya da ma'aikatan asibitin tafi-da-gidanka su ke kwana a ciki. A Maiduguri bukatar irin waɗannan ta ƙaru tun daga watan Janairu na 2021, lokacin da aka lalata turakun wutar lantarki na hanyar Damaturu, gari ya daɗe cikin duhu, masu sana'a da yawa suka koma ga janareto. Mutumin Limanti da ya yi odar sabuwar tirela, galibi daga Kano zai ɗauko ta, ya jawo ta tafiyar wajen kilomita 560. Yawancin haɗarin da ke cikin wannan tafiya tun kafin a tashi a ke shuka shi, a wajen zaɓen ƙarfen da zai haɗa mota da tirela.

Nauyi tukuna

Abin da ya kamata mai mota ya fara sani shi ne iyakar abin da motarsa za ta iya ja. Ƙarfin inji kaɗai ba ya nuna wannan. Mota tana iya fizgar kayan da birkinta ba zai iya tsayar da su ba. Masu ƙera mota sun rubuta iyakar a littafin da ke zuwa tare da ita. In littafin ya ɓata, kamar yadda ya kan faru ga motocin da aka sayo na hannu, sai a duba ɗan allon ƙarfe ko takardar da ke manne a jikin ƙofar direba ko a cikin bonet. A motocin da aka yi domin kasuwar Turai a kan ga lambobi huɗu a jere. Ta farko ita ce iyakar nauyin motar da dukan abin da ke cikinta. Ta biyu ita ce iyakar nauyin mota da tirela a haɗe. Sauran biyun na ƙafafun gaba ne da na baya.

Alal misali, a ɗauka lamba ta farko kilo 2,900 ce, ta biyu kuma kilo 5,400. In aka cire ta farko daga ta biyu, saura kilo 2,500. Wannan shi ne abin da motar za ta ja in ita kanta an cika ta da kaya har iyakarta. Sa'an nan a juya wajen tirelar. Mai sayarwa ya kan ambaci nauyinta tana wofi, domin shi ne mai daɗin ji, amma lissafin da zai fisshe mutum shi ne nauyinta da kaya. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Saboda haka tirela mai kilo 900 da aka ɗora wa tankin lita 1,000 ta zama kilo 1,900 da zarar an cika tankin, ban da nauyin tankin kansa. A Ingila ƙungiyoyin masu tirela mai ɗaki su kan shawarci sabon shiga kada nauyin tirelarsa da kaya ya wuce kashi 85 cikin 100 na nauyin motar tana wofi. Shawara ce mai kyau, musamman a hanyar da ba a rasa ramuka.

Akwai wani nauyi kuma da mutane ba su cika kula da shi ba, watau wanda hancin tirela ke dannawa a kan bayan mota. In ya yi yawa, bayan mota zai zauna, gabanta ya ɗaga, sitiyari ya yi sakwa-sakwa, fitilu su riƙa haska sama suna kashe wa masu tahowa ido. In kuwa ya yi kaɗan, tirela za ta riƙa kaɗa wutsiya, wanda ya fi na farkon muni. Tirelolin Turai an tsara su ne hancin ya ɗauki kamar kashi 5 zuwa 7 cikin 100 na dukan nauyin, na Amurka kuwa kashi 10 zuwa 15. Watau tirela mai kilo 1,000, in ta Turai ce, hancinta zai danna kilo 50 zuwa 70. Ba sai an je wani ofis ba kafin a auna wannan. Sikelin da a ke awon buhu da shi a kasuwa ya isa: a sa guntun katako a tsaye tsakanin sikelin da hancin tirela, tsawonsa daidai da inda za a ɗaura ta, a karanta. Wannan nauyi kuma yana cikin kayan da motar ta ɗauka, lalle a lissafa shi tare da fasinja da buhunan da ke bayanta.

Ƙwallo da ƙoƙo

Ɗauri iri biyu ne aka fi gani. Akwai ƙugiya da zobe, irin na motocin soja da na janareto masu nauyi. Yana da ƙara da girgiza, amma yana jure hanyar daji. Akwai kuma ƙwallon ƙarfe da ke bayan mota, wanda ƙoƙon da ke hancin tirela ke hawa ya kulle. A nan ne matsalar ƙasar nan ta ke, domin motoci da tireloli suna shigowa daga Turai da Amurka duka, awonsu kuwa ba ɗaya ba ne. Ƙwallon Turai milimita 50 ne. Na Amurka iri uku aka fi sani: inci 1 da 7/8, wanda ya kama milimita 47.6, inci 2, watau milimita 50.8, da inci 2 da 5/16, watau milimita 58.7. Ido ba ya rarrabe uku na farkon. Ƙoƙo mai milimita 50 zai hau ƙwallo mai 47.6, har ya yi kamar ya kulle, a yi tafiyar kilomita ɗari lafiya, sai an faɗa rami guda ya tsalle ya fita. Tirelar da ta ɓalle ba ta da direba, duk abin da ke gabanta shi za ta bi ta kai.

Awon yana rubuce a saman ƙwallon, yana kuma rubuce a jikin ƙoƙon. Kafin mutum ya bar Maiduguri, sai ya sa mai sayarwa ya karanta masa abin da ke jikin ƙoƙon, ko ya aiko masa da hotonsa ta waya, ya sayi ƙwallon da ya yi daidai ba ragi ba ƙari. Ya tambayi tsawon ƙoƙon daga ƙasa kuma, domin a daidaita na motar, tirela ta tafi a miƙe, ba ta duƙa gaba ba, ba ta kuma ɗaga hanci ba.

Sai maganar inda za a kafa ƙarfen a jikin mota. An saba ganin mai walda ya liƙa ƙwallo a jikin bamba, ya shafa fenti, ya karɓi kuɗinsa. Masu walda na Maiduguri da Kano suna da hannu, ba a musun wannan, amma yawancin bambar motocin zamani ƙarfe ne marar kauri ko roba, an yi ta ne ta lotsa in an yi karo. Ƙarfen ja na sosai a jikin shasi a ke ɗaure shi, a ramukan da masu ƙera motar suka tanada, da kusoshi masu ƙarfi waɗanda aka buga wa 8.8 ko 10.9 a kansu. Kusar da ba ta da lamba a kai, ta ƙofar gida ce. Ƙarfen na kirki yana da allo nasa da ke faɗin iyakar abin da zai ja da abin da zai ɗauka a hanci. Tsakanin lambar mota, da ta ƙarfe, da ta ƙwallo, wadda ta fi ƙanƙanta ita ce doka.

Sarƙa biyu a ke sawa, a gitta su a ƙarƙashin hancin tirela yadda in ɗaurin ya saki za su tallafe shi kada ya caki kwalta. A bar musu sako-sako daidai shan kwana, kada su ja ƙasa. Igiyar roba da waya ba su maye gurbin sarƙa.

Birki da fitilu

Ƙa'idar Turai ita ce tirelar da ta wuce kilo 750 da kayanta dole ta kasance da birkin kanta. Tirelolin can birkinsu a hanci ya ke: in mota ta rage gudu, tirela ta turo, turowar ce ke kama birkin, ba ya bukatar kome daga motar. Na Amurka galibi na lantarki ne, ba ya aiki sai an sa wata 'yar na'ura kusa da direba an ja mata waya zuwa baya. Wanda ya je ɗaukar irin wannan ba tare da na'urar ba, zai jawo tirela marar birki ne tun daga Kano, ko da ya biya kuɗin mai birki. Dukan iri biyun suna da wata siririyar waya da a ke maƙalawa a jikin motar kanta, wadda za ta kama birkin in tirela ta ɓalle.

Soket ɗin fitilu ma ya bambanta: na Turai mai baki 7 ne ko 13, na Amurka mai 4 ko 7, kuma mai 7 na wannan ba ya shiga mai 7 na wancan. A gyara wannan wajen mai wayarin tun a gida. Tirelar da ta fi mota faɗi tana bukatar ƙarin madubi a gefe biyu.

Takardu ba su da wuyar fahimta: rasit, takardar kwastan in daga waje ta zo, inshorar da ta ambaci tirela, da lamba a bayanta. Lasin tuƙi aji-aji ne, sai mutum ya tambayi ofishin Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Tarayya, wadda aka kafa a 1988, ko jami'an duba motoci na jiha, ya tabbata ajinsa ya yarda masa ya ja tirela.

Ranar ɗauka

Motar ita ce za ta sha wahala, saboda haka a duba lagireto, da birki, da kuloc, da baƙin mai kafin a tashi. A watan Afrilu zafin Barno ya kan haura digiri 40, injin da ke jan tan biyu a cikin wannan rana ba ya yafe wa lagireto mai yoyo. A tafi da jak da sufanar da ta dace da notin tirela, domin sau da yawa ta motar ba ta shiga, da waigi biyu, da safiya taya ta tirelar.

Sabuwar tirela ba lalle ne tayarta ta zama sabuwa ba. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu a cikin ɗan zagaye: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. In an ga 1223, an yi ta ne a mako na 12 na 2023. Tirela tana iya shekara biyu a filin mai sayarwa rana tana dukan robar. A duba wannan kafin a sa hannu a takarda, a auna iska tayar tana da sanyi, a tambaya ko an sa giris a boris.

In an ɗaura, ga gwajin da ba a tsallakewa: a murɗa 'yar ƙafar da ke hancin tirela kamar za a ɗaga ta. In ƙoƙon ya kama, bayan mota zai taso tare da shi. Daga nan a naɗe ƙafar sama a ɗaure, a sa mutum ya tsaya a baya ya ga danja, da sigina ta dama da ta hagu, da fitilar birki. In tanki ne, a taho da shi wofi ko a cike fal. Rabin tanki ruwan yana kai da kawowa, yana tura tirela gefe a kowace kwana. Mutum ba ya zama cikin tirela tana tafiya, ko da mai gado ce.

Hanyar ta bi ta Wudil, Azare, Potiskum, Damaturu da Benisheikh. Bayan kilomita 50 na farko a tsaya a sake ɗaure notin ƙafafu, domin na sabuwar tirela ya kan saki, a kuma taɓa tsakiyar kowace ƙafa da bayan hannu. Ɗumi ba laifi. Zafin da hannu ba ya jurewa alamar boris ne ko birki ya riƙe. Littafin dokokin hanya ya yanke wa manyan tireloli kilomita 60 a awa a babbar hanya, mai ƙaramar tirela da bai saba ba kuwa ba shi da dalilin wuce wannan. Wajen Potiskum manyan motocin shanu suna da yawa, iskar wucewarsu ta kan ja tirela ta soma rawa. In haka ta faru, direba ya ɗaga ƙafa daga totur a hankali, ya riƙe sitiyari a miƙe, kada ya taka birki da ƙarfi, kada kuma ya yi ƙoƙarin bin rawar da sitiyari.

Da wannan gudu, da tsaye-tsaye a shingayen jami'an tsaro, tafiyar ta wuce awa goma. Saboda haka ya fi kyau a raba ta biyu, a kwana Potiskum ko Damaturu, a kama sauran da safe. A daren 9 ga Fabrairu 2020 an kai wa matafiya hari a Auno, bayan dare ya yi musu sun tarar an rufe hanyar shiga Maiduguri. Mai jan tirela shi ya fi kowa saurin makara, don haka ya tambayi direbobin tasha lokacin da a ke buɗe hanya da rufe ta a ranar da zai tashi.

Limanti tsohuwar unguwa ce ta kusa da fadar Shehun Barno, sunanta ma daga liman ya samo asali, kuma an shata lungunanta tun ba a san da tirela ba. Kafin a tafi Kano a auna faɗin ƙofar da za a shigar da ita da faɗin lungun, a gwada da awon da mai sayarwa ya bayar. A guji isowa ranar Juma'a da azahar, sa'ad da masallata ke cika hanyoyin wajen. Tirela tana yanke kwana fiye da mota, sai a buɗe sosai kafin a karya. Wajen ribas kuwa, direba ya kama ƙasan sitiyari, duk inda ya kai hannunsa nan bayan tirela zai nufa. A sa babba ɗaya a baya inda direba ke ganinsa a madubi, a kawar da yara. In lungun ya ƙi, a kwance ta, a sa waigi, mutum uku ko huɗu su tura ta da hannu tana wofi.