Me Ke Sa Fentin Mota Saɓulewa, Kuma Yaya Ake Gyara Shi?

Duk ɗalibin da ya taɓa tsayawa a bakin hanyar da ta taso daga Tsafe ta ratsa Gusau ta nufi Bungudu, ba zai rasa ganin mota wadda rufinta ya yi fari-fari yana ɓarewa kamar maciji na saɓa ba. Jama'a kan ce fenti ne ya ƙone. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, amma launin yana nan. Abin da ya mutu shi ne shafen da ke bisansa.

Fentin motocin zamani hawa huɗu ne. Na farko yana hana ƙarfe tsatsa, na biyu yana daidaita fuskarsa, na uku shi ne launi, na huɗu kuwa shafe ne garai-garai kamar gilashi, wanda za mu kira shafen sheƙi. Wannan tsari ya yaɗu ne a shekarun 1980. Kaurin shafen sheƙi kusan maikiron 40 zuwa 50 ne, wato bai ma kai kaurin silin gashin mutum ba, ga shi kuwa shi ke tare rana da ƙura da ruwa.

Babban abokin gābarsa wani haske ne da ido ba ya gani, mai suna altarabayolet, wanda Bajamushe Johann Ritter ya gano a 1801. Shafen sheƙi nau'in roba ne, ƙwayoyinsa sarƙe suke da juna kamar sarƙa. Wannan haske yana tsinka sarƙar sannu a hankali. Masana'antu kan zuba sinadarai masu shanye shi a cikin shafen, amma shekaru na tafiya suna raguwa. In haske ya sami ratsawa har ƙasa, sai riƙon da ke tsakanin shafen da launi ya saki. Gusau tana wajen digiri 12 arewa da layin da ya raba duniya biyu, saboda haka rana takan tsaya cak a tsakar ka sau biyu a shekara, wajen ƙarshen Afrilu da ƙarshen Agusta. Shi ya sa rufi da bonet suke riga ƙofofi lalacewa.

Hunturu ma yana da nasa laifi. A cikin ƙurarsa akwai ƙwayoyin yashi na ma'adinin kwaz, wanda taurinsa 7 ne a ma'aunin Mohs mai hawa 10, ya fi shafen tauri nesa ba kusa ba. Direban da ya tashi da safe ya share ƙura da busasshen tsumma, samfefa ya goga wa motarsa bai sani ba. Haka kuma garin sabulun wankin tufafi yana wanke man kariyar da aka shafa wa fenti.

To, ina batun gyara? Shafen da ya ɓare ba ya komawa, komai man da aka goga masa. Idan wurin bai wuce tafin hannu ba, kuma launi bai tashi ba, ana iya gyara shi a gida. Da fari a wanke wurin ya bushe. Sa'an nan a jiƙa samfefa mai lamba 1000 a goge gefen da ya ɗaga a hankali, har yatsa ya daina jin tudu tsakanin wurin da lafiyayyen fenti. A nan ne akasari ake ɓarna, domin launi ya fi shafen sheƙi siranta. Da an danna hannu sai a cinye shi. A share da tsumma mai tsabta, a rufe kewaye da tsohuwar jarida da salatif. A girgiza gwangwanin feshi sosai, a riƙe shi nesa da jikin mota kamar santimita 20, a fesa siriri sau biyu ko uku, ana ba da tazarar kamar minti 10. Bayan ya yi ƙwari, gwargwadon kwanakin da aka rubuta a gwangwanin, sai a bi da jiƙaƙƙiyar samfefa mai lamba 2000, a goge da man sheƙi.

A yi aikin a inuwa da hantsi, a yayyafa ruwa a ƙasa don ƙura ta kwanta, kuma kada a yi shi ranar hazo. Akwai shafe iri biyu. Mai haɗin ruwa biyu ya fi ƙarko, amma yana ɗauke da sinadarin aisosayanet, wanda shaƙarsa kan jawo ciwon asma mai ɗorewa, kuma takunkumin yadi ba ya tare shi. A ganina wannan ba aikin ɗalibi ba ne. Ko mai ruwa ɗaya ma a fesa shi a fili, nesa da wuta, domin tururinsa yana kamawa.

Kada a sa rai wurin zai ɓace ɗungum. Mai ido zai gane bakin gyaran. Idan kuwa rabin rufi ya tashi, ko ƙarfe ya bayyana, sai a kai wa mai fenti ya kankare ɓangaren duka ya sake.

Malami na iya nuna wa ɗalibai aikin rana cikin sauƙi. A sami takarda mai launi, a rufe rabinta da kwali, a ajiye ta a rana mako biyu, sa'an nan a ɗaga kwalin ɗalibai su kwatanta ɓangarorin biyu.