Laƙabin Rundunonin Soja: Daga Ina "Chindit" da "Waff" Suka Fito?

Duk wanda ya saba shiga Zariya ya ji sunan barikin Chindit, inda ake horar da kuratan soja. Wannan suna laƙabi ne, kuma daga nesa ya zo.

Sojojin ƙasa na Ingila sun daɗe da al'adar laƙaba wa rundunoninsu suna, wani na yabo, wani na tsokana. Runduna ta 57 ta samu laƙabin da ke nufin "masu wuyar mutuwa" a yaƙin Albuera na 1811, bayan kwamandanta Kanar Inglis ya ji rauni amma ya ci gaba da ƙarfafa yaransa. Ita kuwa ta 50 ana kiranta "rabin ɗari mai dauɗa". An ce baƙin rinin hannun rigarsu ne ke zuba, in sun share gumi sai fuska ta yi baƙi ƙirin.

Al'adar ta biyo Turawa har ƙasarmu. A 1863 wani jami'in sojan ruwa, John Glover, ya tara wasu Hausawa a Legas ya ba su horo, aka riƙa ce musu "Hausawan Glover". Daga wannan 'yar ƙaramar runduna sojan Najeriya ke ƙirga tarihinsa. Daga baya Lugga ya kafa rundunar Afirka ta Yamma, wadda aka taƙaita sunanta zuwa "Waff". Shi ya sa har gobe dattawan Kaduna ke cewa titin Waff, ko da an canza masa suna.

A Yaƙin Duniya na Biyu an kai sojojinmu Bama. Runduna ta 81 hoton gizo-gizo take ɗaurawa a kafaɗa, wato Anansi na tatsuniyoyin Ashanti, ɗan'uwan Gizonmu a wayo. Ta 82 kuwa masu biyu ne a kan gammo, kuma a ganina wannan ya fi dacewa, domin a ka sojojinmu suka yi dakon kayan yaƙi cikin kurmin da mota ba ta shiga.

A 1944 bataliyoyi uku na Najeriya suka yi yaƙi cikin rundunar Janar Wingate, wadda ake saukewa a bayan dagar Japanawa. Tambarinta "chinthe" ne, mutum-mutumin zaki da ke gadin ƙofar wuraren bauta a Bama. Bakin Turawa ya juya kalmar ta koma Chindit, barikin Zariya kuma ya gaji sunan.

Mai kakan da ya je Bama ya tambayo a gida wace runduna ya yi, ya kawo wa ƙungiyar 'yan jarida don fitowa ta gaba.