Saitin Injin Dizal da Maɓallin Zaɓen Saiti a Motocin Akori-kura na Amurka

Tsakure

Wannan maƙala ta yi nazarin yadda ake sauya saitin injin dizal a manyan motocin akori-kura na Amurka, da aikin maɓallin da ke ba direba damar zaɓen saiti yana cikin tafiya. An gano cewa maɓallin ba ya ƙara wa inji wani sabon ƙarfe. Abin da yake yi shi ne ɗauke hukunci daga hannun kamfani ya miƙa wa direba.

1.0 Gabatarwa

Injuna uku ne suka mamaye wannan kasuwa: Cummins da aka fara sa wa motocin Dodge Ram a 1989, da Power Stroke na Ford a 1994, da Duramax na General Motors a 2001. Manoma da masu jan tirela ne manyan masu sayensu, kuma a cikinsu sana'ar sauya saiti ta bunƙasa.

2.0 Ma'anar Saiti

Injin dizal ba ya kunna mai da tartsatsin fulogi. Fistin ne ke matse iska har ta yi zafi, sai nozul ya fesa mai ya kama da wuta. A injunan zamani, kwamfutar mota ce ke yanke adadin man da za a fesa, da lokacin fesawa, da ƙarfin matsinsa, da yawan iskar da turbo zai tura. Tana karanta waɗannan ne daga jadawalan lissafi da kamfani ya rubuta mata. Kamfani kan bar rata saboda tsawon ran inji da dokar hayaƙi. Mai saiti yakan sake rubuta jadawalan ya ci wani ɓangare na ratar.

3.0 Aikin Maɓallin

Saitin da ya dace da tsere bai dace da jan kaya a kan tudu ba. Don haka kamfanin EFILive na ƙasar Niyu Zilan ya samar da tsarin DSP5 na Duramax da CSP5 na Cummins, inda kwamfuta ke riƙe saiti biyar a lokaci guda. A DSP5, maɓalli ne mai juyawa, kowane mataki yana aika wa kwamfuta ma'aunin lantarki dabam, ita kuma ta koma jadawalin da ya dace. Galibi akan ware matakan farko ga jan kaya mai nauyi, na tsakiya ga tafiyar yau da kullum, na ƙarshe ga ƙarfi tsantsa.

4.0 Riba da Hasara

Kowane allazi da nasa amanu. Idan mai ya fi ƙarfin iska, sai baƙin hayaƙi ya tashi, zafin salansa ya hau, fistin da turbo su shiga haɗari. Direban da ya manta maɓalli a mataki na biyar ya ja tirela yana iya ƙona giyabos, kuma kamfani na iya janye garanti. Idan aka gaggauta lokacin fesawa, mai yakan yi auki, amma iskar naitirojin oksayid mai cutar da huhu ta ƙaru.

Daga 2007 doka ta tsananta har aka riƙa sa wa waɗannan motoci matatar toka a salansa. Wasu masu saiti sukan cire ta, su rubuta wa kwamfuta cewa komai lafiya, abin da Dokar Tsabtar Iska ta Amurka ta haramta. A 2020 hukumar kare muhalli ta ƙasar, EPA, ta ƙiyasta cewa an yi wa motoci fiye da 550,000 irin wannan cirewa cikin kimanin shekara goma. Kamfanoni ma ba su tsira ba: a Disamba 2023 Cummins ya amince da biyan tarar dala biliyan 1.675 bisa zargin sa manhajar kauce wa ƙa'idar hayaƙi.

5.0 Kammalawa

Nazarin ya nuna cewa halin injin zamani yana cikin rubutaccen umarni ne, kuma duk wanda ya mallaki rubutun ya mallaki injin. Maɓallin ya ba direba 'yanci, amma hayaƙin da ya zaɓa maƙwabtansa ne ke shaƙa.