Yadda Ake Gyara Wuƙar Daji Idan Mai Aro Ya Lalata Ta

Wuƙar da mutum ya saba shiga daji da ita, ko farauta ko kiwo ko saran sanda, ba kasafai take lalacewa a hannun mai ita ba. Yawanci aro ne yake kashe ta, musamman a kwanakin layya, lokacin da maƙwabci zai aiko yaro a ba shi ita a yi fiɗa, sai ta dawo an sari ƙashi da ita, an ɓalle murfin gwangwani da tsininta, an kuma mayar da ita kube da jini a jiki. Mafi yawan wannan ɓarna tana gyaruwa a gida, in dai ba ka yi gaggawar miƙa ta ga mai injin washi ba.

Ka tanadi dutsen washi mai fuska biyu, gefe mai kaushi da gefe mai laushi, da magagari, da samfefa mai lamba 220 da 400, in da hali har da 1000. Sai tsumma, lemun tsami, ɗan mai, da guntun tsohuwar fata ko bel.

Fara da wanki. Ruwan ɗumi da sabulu sun isa, amma kada ka tsoma ƙotar a ruwa ka bar ta, itace kumbura yake yi ya tsage in ya bushe. Goge ta tas, ka fita da ita haske ka duba abu huɗu: tsatsa, giɓi a bakin, tsini, da ƙota ko tana girgiɗi. Idan ka ga tsaga ta ratsa daga baki ta nufi gadon bayan wuƙar, tsaya nan. Wannan ba aikin dutse ba ne, kuma irin wannan wuƙa tana iya karyewa a hannunka ana tsakar aiki.

Tsatsa ce mai sauƙi. Wuƙaƙen da maƙeranmu suke ƙerawa da sifirin ɗin mota, da irin su Okapi da Opinel na baƙin ƙarfe, duk suna kama tsatsa cikin dare guda idan jini ko gishiri ya kwana a kansu. Shafa ruwan lemun tsami, ka ba shi 'yan mintuna, ka goge da samfefa 400 kana bin tsawon wuƙar. Kada lemun ya daɗe, shi ma cin ƙarfe yake yi. Ɗauraye, busar, ka shafa mai nan take. Jar tsatsa kawai kake nema ka cire. Duhun nan mai launin toka da tsohuwar wuƙa take yi, bar shi, yana ma taimakawa wajen kare ƙarfen.

Giɓi shi ne wurin da ake tafka kuskure. Mutum yakan tasa wurin giɓin shi kaɗai da washi har ya yi rami, bakin wuƙa ya koma kamar lauje. Ba haka ake yi ba. Bakin gaba ɗaya za ka rage har ya sauko daidai da ƙasan giɓin. Jiƙa dutsen, ka ɗora shi a kan jiƙaƙƙen tsumma don kada ya zame, ka tsayar da wuƙar a tsaye a gefen mai kaushi, ka riƙa gurza ta daga gindi zuwa tsini har giɓin ya ɓace. Za ta dakushe ƙwarai, kada hankalinka ya tashi, da gangan ne. In giɓin babba ne, gwada magagari tukuna. Idan ya kama ƙarfen yana zubar da gari, ci gaba da shi, zai rage maka wahala. Idan kuwa zamewa yake yi ba ya ci, ƙarfen ya fi ƙarfinsa, koma kan dutse.

A nan ne zuciya za ta ce maka ka kai wa mai inji ya gama cikin minti biyu. Matsalar inji zafi ne. Ƙarfin wuƙa yana fitowa ne daga yadda maƙeri ya gasa ta, ya tsoma ta a mai ko ruwa, sannan ya sake ɗumama ta kaɗan. Bakin wuƙa siriri ne, nan da nan yake ɗaukar zafi a jikin inji. Da zarar ka ga launin ruwan ƙasa ko shuɗi ya fito a bakin, wurin ya kai wajen digiri 250 zuwa 300, ƙarfinsa ya ragu, kuma duk washin da za ka yi ba zai zauna ba sai an cinye wannan wurin. Idan dole ce ta sa, ka tsaya a kan mai injin, ya riƙa tsoma ta a ruwa bayan kowace gurza.

Tsinin da ya karye, daga gadon baya ake gyara shi. Ka riƙa cin bayan wuƙar a kan dutse kana sauko da shi a hankali har ya haɗu da baki. Wuƙar za ta ɗan gajarce, amma bakinta yana nan yadda ka san shi. Wadda ta lanƙwashe kuwa, sa ta tsakanin katako biyu ka danna a hankali. In ta ƙi, kada ka sa guduma, kai wa maƙeri.

Yanzu sai fitar da sabon kaifi. Wuƙar daji tana son kusurwa kamar digiri 20 a kowane gefe, don ta yi kaifi kuma ta jure itace. Ga dabarar gane shi: tsayar da ita a tsaye a kan dutse, kwantar da ita rabi, sannan ka sake kwantar da rabin wannan. Ka zo kusa ke nan. Shafa baƙar maka a bakin kafin ka fara. Inda tawadar ta goge, nan dutse yake ci, sai ka san ko hannunka ya yi sama ko ƙasa. Wasa gefe ɗaya daga gindi zuwa tsini har sai ka ji wani ɗan ƙaiƙayin ƙarfe ya lanƙwaso ta ɗaya gefen, tun daga farko har ƙarshe. Da babban yatsa ake jinsa, kana shafowa daga baya zuwa baki, ba bin tsawon kaifin ba. Muddin bai fito ba, ba ka kai bakin ba tukuna, kome daɗewar da ka yi. Juya ɗaya gefen ka yi haka. Sannan ka koma fuskar dutse mai laushi, kana sassauta hannu, nan sau ɗaya can sau ɗaya. Ƙarasa da fata: ja wuƙar baya-baya, gadon bayan yana gaba, kamar sau ashirin kowane gefe. Gwada ta a takarda ko tumatir. Inda ta sarƙe, akwai sauran aiki a wurin.

Ƙota mai girgiɗi haɗari ce, ta fi wuƙa marar kaifi ma. Idan ƙusoshi ne suka saki, ɗora kan ƙusar a kan ƙarfe ka daddoke ɗaya kan a hankali. Idan ƙarfen zurawa aka yi cikin itace, zare shi, kankare dattin, ka cika ramin da gam mai haɗi biyu irin Araldite, ka mayar, ka ɗaure, ka bar shi ya kwana. Goge itacen da samfefa ka shafa masa man kaɗe, musamman da hunturu lokacin da iska take tsaga itace. Kube ma duba shi. In jini ya bushe a ciki, goge da ɗanyen tsumma ka shanya a inuwa, ba a rana ba. In ɗinki ya farke, baduku zai gyara da kuɗi kaɗan.

Wajen ajiya, man keken ɗinki yana hana tsatsa sosai, amma bai dace da wuƙar da za ta taɓa nama ba. Ita wannan a shafa mata man kaɗe ko basilin kaɗan. Man gyaɗa na ɗan lokaci ne, in ya daɗe danƙo yake yi. Da damina kada ka bar ta a kuben fata wata da watanni, fata tana riƙe laima. Naɗe ta a tsumma mai maiƙo ka ajiye kuben daban.

Maganar aro kuma, hana maƙwabci wuƙa ranar Sallah abu ne mai nauyi, ba kowa zai iya ba. Saboda haka sayi wuƙa ta biyu mai araha da ƙaramin gatari na sara ƙashi, ka wasa su da kyau, duk wanda ya aiko a miƙa masa su. Taka ta daji kuwa ta zauna a jaka.