Gayyar Rumfa

A ƙauyuka da yawa na ƙasar Illela da Birnin Ƙonni, aji rumfa ce ta zana. Iskar damina takan kada ta. Ga watan Oktoba ya kama, ba rumfa, ba karatu.

Sai a kira gayya. Iyaye su kawo itace da zana. Manyan ɗalibai su haƙa ramu. Ƙanana su ɗauko kara. Mata su kawo hura. Ba a biyan kowa. Haka Samariya ta yi aiki zamanin Seyni Kunce, bayan 1974.

In kowa ya jira wani, yara za su zauna cikin rana. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Tambaya: Wane aiki ƙananan yara suke yi ranar gayya?